Shekarar da Na Sa Talatu a Buhu

Da sunan Allah na ɗauki biron nan, shi ne masanin abin da ke cikin ƙirjin kowa. Ku yi haƙuri da rubutuna, kun san sai da na aurar da Hadiza sannan na shiga ajin yaƙi da jahilci, har yau hannuna bai saba ba. Na riga na ba ku labarin ƙuruciyata da zuwana Kano a shafukan baya. Wanda zan faɗa yanzu shi ne na daɗe ina kewayewa. Na san abin da kuke cewa a tsakaninku game da shekarar da babanku ya rasu. Kuna cewa a shekarar ne kan Umma ya ɗan taɓu, Allah ya taimaka aka yi mata addu'a ta dawo daidai. Na kuma ji da kunnena, a wani gidan suna, wata tana gaya wa wata ta bayan labule cewa matar nan ba ta yi wa mijinta hawaye ba amma ta yi wa mage. Ban tanka ba, ba halina ba ne. Amma ba na son in mutu in bar muku labarin a haka.

A shekarar da ɓarin jikin Malam babanku ya shanye, kun riga kun watse. Yayanku yana Tarauni da iyalinsa, Hadiza tana ɗakinta a Hotoro, gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi ya rage daga ni sai shi. Wata Talata da hantsi, ana hutun makaranta, maƙwabciyarmu Malama Rifkatu, malamar firamare 'yar kudancin Kaduna wadda katanga ɗaya ce tsakaninmu, ta leƙo ta ce in zo in gani. A kan bolar bayan layinmu akwai wani buhu ɗaure yana motsi. Kun san yadda mutane ke yi idan mage ta dame su: a cusa ta a buhu, a ɗaure bakin, a kai wata unguwa a jefar. Wanda ya kawo wannan ko kwance bakin bai yi ba. Malama ta riƙe buhun, ni na yanke igiyar da wuƙar yanka albasa. Abin da ya fito ban gan shi sosai ba, sai jini da na gani a bayan hannuna. Ta bi ta ƙofarmu da na bari a buɗe, ta shige sito, ta lafe a bayan itacen girki. Sunan ranar na sa mata, Talatu.

Ba wanda ya koya mini yadda ake yi da irinta. Na dai lura cewa in na kalle ta sai ta ƙame, in na kira ta sai ta ƙara shigewa lungu. Sai na daina duka biyun. Nakan zuba mata ɗan tuwo da romon kifi a murfin kwano, in ajiye a bakin sito, in koma can bakin rijiya in zauna a kujera 'yar tsugune, in ba ta baya, in kama tsintar wake. Na daina sa silifas a tsakar gida saboda ƙararsa. Duk bayan 'yan kwanaki sai in matso da kujerar taku ɗaya. Ranar da na yi gaggawa na matso taku biyu, sai da na koma bakin rijiya muka sake daga farko. Damina ta zo ta wuce kafin ta yarda ta ci ina kusa. Sai da shekara ta kusa zagayowa sannan wata rana na ji sanyin hancinta a diddigena. Ban motsa ba. Ina riƙe da faifai, numfashi ma a hankali nake yi.

Abin da ba ku sani ba shi ne, haka nake ciyar da babanku ma. Mutum ne da ya yi aikin tuƙi a ma'aikata har ya yi ritaya ba a taɓa ganin ɗigon mai a farar rigarsa ba. Ciwon ya karkatar masa da baki, kunu yana zubo masa a gemu. In ana kallonsa ba zai ci ba, ko da zai wuni da yunwa. In kun zo yakan ce ya ƙoshi, ku kuma ku yarda. Ni kuwa nakan ajiye masa kwano ta wajen hannunsa mai lafiya, in ɗaura masa tsumma a wuya, in juya. To da azahar haka muke: shi yana kan kujerarsa a ƙarƙashin rumfa, ita tana bakin sito, ni ina tsakiya ina fuskantar bango. Da kunne nake sanin kowa ya ci. Ta nan ƙarar cokali a jikin kwano, ta can lasar harshe. Harshensa ya yi nauyi, bai iya faɗin sunanta duka ba.

"Latu ta ci?"

"Ta ci, Malam. Saura kai."

"Ki juya mana."

"Ai a juye nake."

Daga baya ta haihu a cikin sito, biyu suka rayu, Toka da Guntu, kuma duk suka ɗauko tsoron uwarsu. Mu biyu kawai suka sani a duniya. Talatu har takan hau cinyar Malam ta kwanta a kan hannun nan da ba ya motsi, ya ce yana jin ɗuminta, ko da yake likita ya ce hannun ba ya jin komai. Amma da zarar an rufe ƙofar mota a waje, ko an yi sallama da baƙuwar murya, kafin in amsa sun ɓace. Shi ya sa ba ku taɓa ganinsu ba. Ina tuna Hadiza tana tsaye da mayafi a kafaɗa tana leƙen sito.

"Umma, wai magen nan taki layar zana gare ta? Shekara uku ina zuwa, ko jelarta ban taɓa gani ba."

Yayanku ya ce, "Ni kifin da nake aiko wa Baba nake tausayi. Ashe da masu taya shi."

Muka yi dariya har da Malam. Ban ji haushi ba a lokacin, kuma yanzu ma ban kawo shi don in ce kun yi laifi ba.

Shekara huɗu ya yi a kwance. Ya cika wata Lahadi bayan azahar, kwanonsa yana gefe bai taɓa ba. Game da hawaye, ga gaskiyar. Na yi kukan babanku shekara huɗu a banɗaki, ina kwarara ruwa daga buta don kada ya ji. Ranar da aka ɗauke shi na nemi hawayen na rasa, sun riga sun ƙare. Kafin la'asar gida ya cika. An shimfiɗa tabarmi har bakin rijiya. Mata suka kafa manyan tukwane, suka buɗe sito suna jidar itace, suka kwashe shi tas har bango. Ina zaune a ɗaki ana ta yi mini gaisuwa, ina amsawa, ina jin ƙarar itacen da ake ja. Na san abin da ke faruwa. Ta yaya matar mamaci za ta tashi a cikin mutane ta ce a bar itacen nan, akwai maguna a baya? Na yi shiru. Da aka share makoki gida ya yi tsit, na ajiye murfin kwano a bakin sito, na juya baya, na zauna har rana ta faɗi. Ƙudaje ne kawai suka ci.

Ga ni kuma cikin takaba, wata huɗu da kwana goma. Na san ba su yi nisa ba, suna cikin kangon bayan layi ko ƙarƙashin kwalbati, kuma ni kaɗai za su fito wa. Na roƙi yayanku ya bar ni in zagaya bayan gida sau ɗaya, da rana, da hijabina.

"Umma, mai takaba tana fita ne in lalura ta kama. Asibiti ko makamancinsa. In aka gan ki a kan bola kina kiran mage, me za a ce da mu?"

"Ba kira zan yi ba. Zama kawai zan yi."

"To wannan ai ya fi muni. Ki yi haƙuri, in yunwa ta ishe su za su dawo."

Gaskiyarsa ce ta wajen mutane, ban musa ba. Malama Rifkatu ce ta riƙa zagayawa in ta taso daga makaranta, da abinci a leda, amma ita ma baƙuwa ce a wurinsu. Ita ta tsinci Toka a bakin kwata, ya ci shinkafar ɓera da wani ya zuba. Ta naɗe shi a tsumma ta binne a gindin katangarta, ta yi mako guda tana gaishe ni ba ta faɗa mini ba. Guntu kuwa har yau ban san inda ƙasa ta rufe shi ba.

Bayan sadakar arba'in da 'yan kwanaki, ina shanya da safe, sai na ji ana kallona. Ban ɗaga kai ba. Ta gefen ido na hango ta a kan katanga, ta rame har ana ƙirga haƙarƙarinta, kunne ɗaya a yage. Na ajiye zanen da ke hannuna, na ɗauko kujerata na kai bakin rijiya, inda muka fara. Muka sake daga farko. Wannan karon bai kai shekara ba, amma ya ci mini kusan duk sauran takabar. Ranar da ta sauko sosai, ba wurin abinci ta nufa ba. Kujerar Malam ta je ta shinshina, ta zagaya ta, ta hau ta kwanta a gefen da hannun nan yake zama. Tun daga ranar muka koma cin abincin azahar tare, ni da ita. A duk duniya ita kaɗai ce ta san yadda shekarun nan huɗu suka kasance a cikin gidan nan. Ku kuna zuwa ranar hutu ku tarar an yi masa wanka an sa masa hula. Ita tana nan sauran kwanakin.

Sai maganar gado ta taso. Aka ce gida ba zai rabu ba sai an sayar, kuma ba za a bar ni ni kaɗai ba, zan koma Tarauni wurin yayanku ranar da na fita takaba. Ban ƙi ba. Wanda ya saya ya ce rushewa zai yi ya gina shaguna. Malama Rifkatu ta shigo ta same ni ina ɗaure kwanuka, ta zauna a bakin gado.

"Maman Hadiza, ki bar ta. Unguwar nan ta sani. Ko an rushe, za ta samu lungu, ni kuma zan riƙa ajiye mata a kan katanga. Kin san ba zan fasa ba."

"Na sani, Malama."

"To ki bar ta."

"In na bar ta, da wa zan ci abinci?"

Ta dube ni. Ku lura da amsar da na ba ta. Ban ce wa zai kula da Talatu ba. Kaina na tuna. Wannan shi ne laifin farko, kuma nawa ne.

Na yi shiri iyakar hankalina. Na aro kwandon kaji mai murfi, na ajiye a tsakar gida mako biyu ina sa mata abinci a ciki, har ta saba shiga ta fita. Na kuma roƙi matar yayanku ta waya cewa ɗakin da za a ba ni a bar shi a rufe, kada kowa ya shiga, ina da baƙuwa mai tsoron mutane. Ta ce to, Umma. Ranar tashi masu ɗaukar kaya suka zo da motar akori-kura tun da hantsi, ƙarti huɗu masu ƙarfin murya. Talatu ta haye bayan tankin ruwa. Ina ɗaki ina nuna musu abin da zai fashe, ashe ɗayansu ya ɗauki kwandon ya jefa a mota, aka ɗora katifu da kabad a kai. Kafin in farga mota ta tashi. Yayanku ya tsaya a zaure da makulli a hannu, mai adaidaita sahu yana jira a waje, kuma washegari da safe magina za su fara cire kwanon rufi. Ya duba tsakar gida, ba abin da ya rage sai kujerata da wani tsohon buhun shinkafa.

"Ga buhu nan, Umma. Ai haka kowa yake ɗaukarsu. Tafiyar ba nisa."

Shi bai san yadda ta zo gidan ba, ban taɓa gaya muku ba. Ni na sani. Na san ko buhun gawayi aka shigo da shi ana ja a ƙasa, sai ta wuni biyu ba ta fito ba. Da na ce a dawo da kwandon, da na ce a ba ni kwana ɗaya, wataƙila da an yi. Amma na ga ya gaji, ya bar aiki ya zo, mai adaidaita yana ta danna oda, ni kuma duk rayuwata ban iya sa mutum ya jira ni ba. Na ce ya fita ya ja ƙofa. Na zauna a kujera na juya baya, na ɓoye buhun a ƙarƙashin zanena, na riƙe gutsuren kifi. Ta daɗe kafin ta sauko. Ta zo ta goga kanta a ƙafata, ta hau cinyata, ta fara gurnanin nan nata na jin daɗi. Na shafa ta sau biyu. A na uku na kama wuyanta na tura ta ciki, na ɗaure bakin.

Ba ta yage ni ba. Na so a ce ta yage ni. Kuka ɗaya ta yi, irin wanda ban taɓa ji daga bakinta ba, sannan ta yi ta bugun buhun. Na rungume shi a cikin adaidaita, ina yi mata magana ƙasa-ƙasa, ina jin fitsarinta yana jiƙa mini zane. Muna tsallake babban titi ta daina motsi gaba ɗaya.

Matar yayanku yarinya ce mai kirki, kada wanda ya ɗora mata. Don ta girmama ni ta tara mata su yi mini barka da fita takaba. An soya waina, an dama kunun gyaɗa, 'yan uwa sun zo daga Darmanawa da Hotoro. Ɗakin da na ce a rufe, a buɗe yake, mata biyar suna ciki suna jera mini kaya suna turara shi. Na tsaya a tsakar gida da buhu a ƙirji, ana ta rungumata, ana sannu da zuwa, wata tana tambaya ko tsaraba ce. Buhun ba ya motsi. Zuciyata ta ce ta mutu, kin shaƙe ta. Da na daure na wuce banɗaki na rufe ƙofa, da ba haka ba. Amma hannuna ya riga hankalina. A nan tsakiyar mutane na durƙusa na kwance bakin.

Tana da rai. Ta fito ta tsaya, ta ga ƙafafu ta ko'ina, sannan ta juyo ta dube ni ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba a shekara huɗu. Sai ta yi tsalle ta kama katanga. Katangar gidan an jera mata fasassun kwalabe a sama. Ta bi ta kansu ta faɗa waje, ta bar jini a jikin farin fenti. Mata suka watse suna salati, wasu suna dariya. Ni kuma a nan hawayen da na nema ranar jana'iza suka zo. Na zauna a ƙasa da buhu a hannu, na yi kuka da murya a gaban surukata da jikokina. Hadiza tana jijjiga kafaɗata.

"Umma, mage ce fa. Don Allah ki tashi, mutane suna kallo. Za a samo miki wata."

Daga nan maganar ta fara. Kuma na ƙara mata ƙarfi da kaina, domin tun washegari na fara tafiya Gyaɗi-Gyaɗi a ƙafa kullum bayan azahar, da murfin kwano a cikin jaka. Na ji ana cewa mage tana komawa inda ta sani. Ina kallo aka cire rufin ɗakinmu, aka fasa rumfar Malam, aka cike rijiya da ɓaraguzai. Nakan zauna a kan bulo a gefen kangon, in ajiye abinci, in juya baya. Magina suna ce mini Hajiya mai gadi. Mutanen layi da suka san ni da mutunci suka fara gaishe ni daga nesa. Labari ya iso muku. Aka kawo mai ruƙiyya ya yi mini karatu a kunne, aka kawo rubutu a galan, na sha duka, ban yi gardama ba.

Ta dawo kuwa. Ta yi kusan wata guda a hanya, tafiyar da ni tsohuwa nake yi tsakanin azahar da la'asar. Na gan ta sau ɗaya, a kan tarin ƙasa inda sito yake a da, tana ɗingisa ƙafar gaba. Na juya da sauri, na kafa kunne. Na jira ƙarar harshe a kan murfin kwano. Na jira har aka kira la'asar. Da na waiwaya, abincin yana nan, ita ba ta nan. Na ce ba komai, mun taɓa yi sau biyu, za mu yi na uku. Na ci gaba da zuwa. Kullum in tarar da na jiya ya bushe.

Wata rana Malama Rifkatu ta fito ta kama hannuna ta shigar da ni gidanta, ta ba ni ruwa. Ta gyara ɗankwalinta, ta zauna kusa da ni.

"Maman Hadiza, zan faɗa miki wani abu, ki yafe mini. Tana cin wanda nake ajiyewa a kan katanga. Ba ta bari in matso, amma tana ci."

"Alhamdu lillahi."

"Sai dai duk ranar da kika zo, ba ta ci. Ko nawa ba ta taɓawa. In ta ji ƙanshinki a wurin, sai ta kwana biyu ba ta fito ba. Kin ga kuma kullum kike zuwa. Ta fi ramewa yanzu fiye da ranar da ta dawo."

Na riƙe kofin ruwan. Na tambaye ta ko ta tabbata. Ta ce lokacin da zazzaɓi ya hana ni zuwa kwana uku, a ranakun ne Talatu ta cinye komai har ta lashe kwano.

Na ciro murfin kwanon daga jakata na ba ta, na ce a ciki ta saba ci, amma ta wanke shi da toka sosai kada ya rage ƙanshin hannuna. Na yi mata godiya. Na fito ta ɗaya bakin layin don kada in bi ta gaban kangon, na tsallaka titi na dawo Tarauni. Ban sake taka layin nan ba.

Da kuka ga na daina fita, kuka yi murna. Yayanku ya yanka kaza ya yi sadaka, Hadiza ta ce wa ƙawayenta rubutun nan ya karɓe ni. Na bar ku a kan haka shekaru, domin kun samu kwanciyar hankali, ni kuma ba ni da bakin bayani. Bayan shekara biyu Malama ta yi ritaya ta koma garinsu. Kafin ta tafi ta aiko mini cewa ta bar wa mai shagon da ke kusa amanar ajiye abinci. Ban san ko ya riƙe ba, ban kuma aika an tambaya ba, don ina tsoron amsar.

Kun sha kawo mini 'yan maguna masu kyau, masu hawa jikin kowa, na ce a mayar. Kun sha tambayata me ya sa nake juya wa mutane baya in zan ci abinci, har jikokina suna kwaikwayona suna dariya. Ba ciwo ba ne. Kaina bai taɓa taɓuwa ba, ko na rana ɗaya, da ya taɓu ma da na samu sauƙi. Ina sane na jawo ta da kifi ta hau cinyata, ina sane na ɗaure bakin buhun. In na fuskanci bango da kwano a gabana, saurare nake yi. Ta dama ba ƙarar cokali, ta hagu ba komai. Sai in yi bisimilla in ci.